Uban Aro a Shagon Masta Lamte

Da bakinta Zalia ta roƙi mahaifinta, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi cin ranta daga baya ke nan, domin da wani ne ya ƙulla mata, da ta sami wanda za ta tsana ko ta ji sanyi.

Nasrullahi ɗan Birnin Ƙonni ne. Ya sauka Accra ba kawu ba gwaggo, ya kafa tebur a bakin titin Nima yana gyaran fanka da dutsen guga. Sun haɗu da Zalia ne a kan ɗan injin liƙe leda na Hajiya Amama, mahaifiyar Zalia, wadda ke ƙulla garin koko da yaji tana rarraba wa masu shaguna a Kasuwar Malam Atta. Injin ya ƙi liƙewa, aka kira yaron, ya gyara. Daga ranar sai injin ya koyi lalacewa, kuma ba ya lalacewa sai Hajiya ta tafi kasuwa. Ba a jima ba Hajiya ta gane hannun da ke zare masa fis.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Issaka bai yi faɗa ba. Shi mai sayar da hatsi ne, ya saba auna abu kafin ya miƙa.

"Yaron yana da natsuwa," ya ce, "amma gyaran fanka ba zai riƙe gida ba. Ya kama sana'a, sannan ya turo."

Sana'ar kuwa ta zo ta inda ba wanda ya zata. Razak, ɗan yayan Hajiya, yana da shagon kayan gyara a Abossey Okai. Taubashin Zalia ne, tun tana makaranta yake kiranta matarsa ana dariya, har wasan ya girma aka daina dariyar. Shi ne ya zo da labarin Masta Lamte, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga da ke sayen boris da bel a wurinsa. Masta Lamte mai gyaran manyan injinan kamfani ne, masu ɗura ruwa a leda da masu ƙulla biskit da masu rufe kwalba. Wanda ya fito daga hannunsa ba ya neman aiki, daga Tema har Kumasi ake aiko masa da mota.

Sai dai Masta ba ya karɓar yaro haka kawai. Dole babban mutum ya zo ya tsaya masa a matsayin uba, a gaban shaidu. Nasrullahi kuwa ubansa na can Ƙonni, tsufa ya zaunar da shi.

Nan ne Zalia ta shiga roƙo. Ta roƙa da safe, ta roƙa da yamma, ta dafa wa Alhaji tuwon da yake so har ya fara zargin tuwon. Ranar da ya ce to, ta shiga ɗaki ta yi sujada.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji da Nasrullahi suka tafi a motar Razak, da kiret na lemo da ƙullin goro. Zalia ta wuni tana sharar tsakar gidan da ta riga ta share, har matar ɗan hayar da ke ɗakin ƙarshe ta tambaye ta ko allura ce ta faɗi.

Bayan azahar Alhaji ya dawo shi kaɗai. Ya cire hula, ya zauna a kan benci, Hajiya ta kawo masa ruwa. Zalia ta laɓe a bayan labule.

"Yaya aka ƙare, Alhaji?"

"Alhamdu lillahi. Mutumin kirki ne. Da ma giya ake kai masa, amma ya san mu, ya ce lemo da goro sun isa. Ya tara yaransa, na kama hannun yaron na sa a nasa, na ce wannan ɗana ne, in ya ɓata ni na ɓata."

"Sai me?"

"Sai ya faɗi dokokinsa. Ba ɗauke-ɗauke, ba karɓar aiki a bayan idonsa, ba sa hannu cikin inji sai an kashe wuta an sa kwaɗo." Ya kurɓi ruwa. "Kuma ba aure sai ya yaye shi."

"Yayen yaushe ne?"

"Shekara uku, in yaron na da kai."

Zalia ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta tsaya a gabansa da tsintsiya a hannu.

"Baba, kuma ka amsa?"

Ya dube ta ba tare da fushi ba.

"A gaban mutane aka tambaye ni, Zalia. Ya ce ya taɓa yin yaro mai sabon aure, yana bin ƙananan ayyuka bayan an tashi don ya ciyar da gida. Wata safiya ya yi gyangyaɗi a gaban inji, inji ya cinye masa yatsu. Tun daga nan ya sa dokar. Ke kika ce in je in zama ubansa. Uba zai ji haka ya ce bai yarda ba?"

Ta dubi mahaifiyarta, sai ta ga Hajiya ta sunkuya tana gyara bakin zane, kuma ba ta iya cewa ko murmushi take ɓoyewa ko tausayi ba.

Kwanaki suka shige ta a haka, kanta a ɗaure. In ta wayi gari tana ganin Baba ya shirya abin ne don ya rabu da yaron cikin mutunci, kafin azahar sai ta tuna yadda ya ce ɗana ne, ta ji kunyar zarginsa. In ta ɗora wa Razak, sai ta tuna ba don shi ba da har yanzu Nasrullahi na bakin titi. Ta rasa wanda za ta yi fushi da shi, sai ta koma yi da injin liƙe leda.

Nasrullahi yana zuwa zance ranar Lahadi da la'asar. Ya rame, farcensa ya yi baƙi da giris, amma bakinsa ba ya rufuwa.

"Zalia, kin san akwai injin da ke da ido? Wallahi ido, ɗan ƙarami ja. Shi ke ganin alamar da ke jikin leda, ya gaya wa wuƙa inda za ta yanka. In ƙura ta rufe shi, sai inji ya yi ta yanke sunan kamfani a tsakiya."

"Haka ne?"

"Masta bai bari na taɓa komai ba tukuna. Shara da goge-goge da sa giris kawai. Ya ce sai na iya jin ciwon inji da kunne kafin ya ba ni sifana."

"Nasrullahi, shekara uku fa."

Ya dubi ƙasa.

"Kamar gobe ne, in Allah ya yarda."

Ta so ta tambaye shi goben wa, nata ko nasa, amma ya riga ya koma maganar wuƙa.

Hajiya Amama ba ta da irin wannan haƙurin. Haifaffiyar Nima ce, Hausarta ta Zongo ce, kuma ba ta zagaye-zagaye. Suna zaune suna ɗura garin koko a leda ta buɗe wuta.

"Ke yarinyan nan, ki faɗa mini gaskiya. Zama za ki yi?"

"Mma, ni ban sani ba."

"Ba ki sani ba? Kin wuce ashirin da biyar. Ƙawayenki duk suna goyo. In na je suna, mata koraa ko tambayana lafiya ba su yi, sai su ce yaushe za mu ci na Zalia. Kuma wa ya ce miki in an yaye shi zai dawo? Ranan da ya fara shiga kamfani da takalmi mai ƙarfe, 'yan matan ofis na ce masa injiniya, ke zai tuna?"

"Ba haka yake ba, Mma."

"Duk haka suke, har sai sun samu." Ta danna bakin leda a inji da ƙarfi. "Razak na nan. Jininki ne, ya san ki da majina a hanci kuma bai gudu ba. Shago ya yi, ɗaki ya gina a Maamobi. Me kike nema paa?"

Hawaye suka zubo wa Zalia, suna ɗiga cikin garin.

"Mma, ina sonsa ne. Ni na jawo wannan abin da kaina, ni na tura Baba. Yanzu in na ce na fasa jira, me na zama? In na jira kuma ya zama yadda kika ce, me na zama?"

Hajiya ta janye kwanon garin daga gabanta. Muryarta ta sauka.

"Ni ma na yi so, ba a kanki aka fara ba. Amma so ba ya hana mace tsufa a ɗakin uwarta. Share fuskanki, kin jiƙa mini kaya."

Da yammar nan Razak ya zo gaishe da gwaggonsa, da ledar tuffa a hannu. Ya tarar da Zalia a bakin famfo tana wanke kwanuka.

"Matata, wa ya taɓa mini ke?"

"Razak, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Ka san da dokar auren nan kafin ka kai shi?"

Bai ko ƙifta ido ba.

"Kowa a Abossey Okai ya sani."

"Shi ya sa ka kai shi?"

"Haba, in bar shi da fanka ke nan? Ba shi da wanda zai kai shi, ni kuma na san hanya. Ban ɓoye ina sonki ba, garin nan duk an sani. Amma ban yi masa mugunta ba." Ya ajiye ledar a kan turmi. "Kuma na gaya masa dokar tun kafin mu je. Na ɗauka ya gaya miki."

Kwanon da ke hannunta ya sulale cikin ruwa.

"Ka gaya masa?"

"A shagona, yana zaune yana shan shayi. Ki tambaye shi."

Ya wuce ciki yana sallama da fara'arsa. Ta bi bayansa da kallo, ta kasa gane ko mutumin kirki ne ya wuce ko mai wayo, ko kuwa duka biyun ne a riga ɗaya.

Washegari kafin ya fita kasuwa Alhaji Issaka ya kira ta ɗakinsa, ya ce ta turo ƙofa.

"Kawunki, uban Razak, ya aiko yana nema masa aurenki. Na ce ya ba ni lokaci. Ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma ina ganin yadda kike ramewa, kuma uwarki ta hana ni sakat."

Ta sunkuyar da kai.

"Akwai hanya ɗaya. A al'adar masu sana'ar garin nan, wanda ya tsaya wa yaro shi kaɗai ke iya zuwa ya roƙi maganarsa. In ɗauki goro, in tara waɗanda suka shaida, in ce Masta na zo karɓar ɗana. Zai sake shi, ba wanda zai ji kunya. Amma ba zai sake karɓarsa ba, kuma ba wani mai gyaran inji a Accra da zai karɓi yaron da aka janye daga hannun Lamte. Ya koma teburinsa ke nan."

"Amma Baba, ka ce gyaran fanka..."

"Na faɗa. Zan haɗiye wannan saboda ke. In kin ce in je, zan je, in aura miki shi da fankarsa, Allah ya rufa asiri. In kin ce in bari, ki shirya jira, ni kuma in san abin da zan gaya wa kawunki. Ki ba ni amsa in na dawo da la'asar."

Ta miƙe. Har ta kai ƙofa ya sake kiranta.

"Zalia, kada ya ji wannan maganar. Yaro ne, baƙo ne, bai san garin nan ba. In ya ajiye aikin nan da kansa, ba ni na je na karɓe shi ba, to ya zubar da ni a gaban mutanen da suka ji na ce in ya ɓata ni na ɓata. Wannan kam ba zan iya haɗiyewa ba, ko don ke."

"Na ji, Baba."

Ta ji ɗin, kuma ta yi niyyar bi. Amma zama ya gagare ta. Da hantsi ta ce wa Hajiya za ta kai saƙon yaji Malam Atta, ta ajiye kayan a shagon farko, ta hau trotro, motar hayar garin, ta nufi unguwar masana'antu da ke wajen Kaneshie. Ta gaya wa kanta ganinsa kawai za ta yi, ba za ta ce komai ba.

Shagon Masta Lamte rumfa ce babba ta kwano, cike da injina a tsaitsaye, wasu an buɗe musu ciki. Wani dattijo gajere mai furfura, Masta da kansa, ya tare ta a ƙofa, ya yi mata Hausar da ya tsinta a Zongo.

"Ke ne ɗiyan Alhaji? Zauna can. Naɗe mayafi, kar bel ya kama."

Ta naɗe mayafinta ta zauna a kan wani akwati. Daga nan ta hango Nasrullahi cikin shuɗin kayan aiki, bai ma san ta zo ba. Yana tsaye a gaban wani dogon inji mai ɗura ruwa a leda, ya karkata kai yana saurare, ledojin na faɗowa suna yoyo ta gefe.

"Yau na ba shi sifana," in ji Masta, yana kallonsa. "Mu gani."

Nasrullahi ya kashe wuta, ya sa kwaɗo a makunnin, ya jefa ɗan makullin a aljihu. Ya jira ƙarfen da ke liƙe bakin leda ya huce, ya kankare ƙonanniyar ledar da ta manne masa, ya sassauta noti, ya matso da haɓar ƙarfen kaɗan, ya ɗaure. Ya goge ɗan jan idon nan da gefen tsumma a hankali, kamar mai share wa jariri kwantsa. Sannan ya buɗe kwaɗo ya kunna.

Ledoji suka fara faɗowa a cike. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye a ƙasa, ya hau kanta da ƙafa ɗaya, ya saki nauyinsa duka. Ledar ba ta fashe ba.

Sauran yaran suka buga sifanu a jikin tebur. Masta ya gyaɗa kai sau ɗaya ya wuce abinsa. Nasrullahi kuwa dariya yake yi yana tsaye a kan ledar ruwa, irin dariyar da Zalia ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, ko ranar da ta fara ce masa tana sonsa. Ta ji daɗi har cikin ranta, ta kuma ji kishi, kuma kunya ta kama ta da ta gane inji take kishi da shi.

Da aka tashi cin abinci ya gan ta. Suka koma bayan rumfar, inda aka jibge tsofaffin naɗin leda.

"Kin gani? Zalia, kin gani kuwa?"

"Na gani. Nasrullahi, ka san da dokar auren nan kafin ku zo da Baba?"

Dariyar ta gushe. Ya daɗe yana murza tsumma a hannu.

"Na sani."

"Ka bar ni ina roƙon Baba safe da yamma, kana sane?"

"In na gaya miki, za ki roƙe shi?"

"Ban sani ba. Amma da ni na zaɓa."

"Baba ya ce ba sana'a ba aure. Na duba, in ban shiga ba na rasa ki gaba ɗaya, in na shiga na rasa ki shekara uku. Na ɗauki mai sauƙin. Tsoro ne ya hana ni faɗa miki, wallahi tsoro ne."

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da mayafi don kada yaran shago su ji.

"Kai kana da abin da za ka yi da shekara ukun. Kullum ka wayi gari akwai sabon abu a gabanka. Ni fa? Ni zama zan yi ina ƙulla yaji, Mma na yi mini gori, Kawu na aikowa, mata na nuna ni a gidan suna. Ka taɓa tunanin wannan?"

"Kawu ya aiko?"

"Ya aiko."

Fuskarsa ta canza. Ita kuma maganar da ta yi alkawarin riƙewa tana ta tasowa, sai ta lanƙwasa ta ta mayar da ita tambaya, a ganinta hakan ba faɗa ba ne.

"In da za a ce maka yau, ka bar injin nan a ɗaura mana aure, za ka bari?"

Ya waiwaya ya dubi cikin rumfar. Injin da ya gyara yana ta aiki, ana jin faɗuwar ledoji ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe bai juyo ba.

"Zan bari," ya ce.

Abin da ta zo ji ke nan, kuma da ta ji shi bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta ga yadda ya damƙe sifanar da ke hannunsa yana faɗa.

"Tambaya ce kawai," ta ce da sauri. "Ka koma aikinka."

"Zalia, tsaya. Yaushe Kawun zai dawo?"

Ba ta tsaya ba. Tsoron kada bakinta ya ƙarasa abin da ya fara ne ya sa ta ruga ta tare trotro.

A hanya ta yanke shawara ta warware ta fi a ƙirga. In trotro ya tsaya sai ta ce Baba ya je, in ya tashi sai ta ce kada ya je. Har yaron mota ya taɓa ta ya ce an iso Nima, ba ta san an iso ba.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana jan carbi. Hajiya na bakin murhu tana tuƙa tuwo, kunnenta na wajensu. Zalia ta zo ta durƙusa.

"Baba, kada ka je."

"Kin san abin da kika zaɓa?"

"Ban sani ba, Baba. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Na dai san ba zan iya wucewa ta bakin titi in gan shi da fanka ba, ina sane ni na mayar da shi. Zan jira."

Hajiya ta buga muciya a bakin tukunya.

"Shi ke nan. Ki jira har ki yi furfura, ni dai na faɗa."

Alhaji ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi miki albarka. Gobe zan je in ba kawunki haƙuri da kaina. Ranar da Lamte ya yaye shi, a ranar zan sa a kawo goro."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjin Zalia. Tun ranar Asabar ɗin nan ba ta ja numfashi ya kai ƙasa ba sai yanzu. Ta fara miƙewa ke nan aka yi sallama a ƙofar gida.

Nasrullahi ne. Ba shuɗin kayan aiki a jikinsa, tsohuwar rigarsa ce ta bakin titi, hannunsa ko wankewa bai yi ba. Yana haki, idonsa ya yi ja, amma ya shigo da ƙarfin gwiwar wanda ya yi abin kirki. Ya zube a gaban tabarmar.

"Baba, na zo ne kada a riga ni. Na ajiye aikin."

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Muciyar Hajiya ma ta tsaya.

"Ka yi me?"

"Na ajiye, Baba. Ba zan iya bari a ba wani ita ba. Zan koma teburina, zan ƙara da gyaran injin liƙe leda, yanzu na san abubuwa. Ba zan bar ta da yunwa ba."

"A gaban wa ka faɗa?"

"A gaban kowa, Baba. Na tara su duka, don kada a ce guduwa na yi."

Zalia ta ja da baya. Ta dafa bango.

"Lamte ya ce me?" in ji Alhaji.

"Bai ce mini komai ba. Ya dai juya ya ce wa yaran, ku shaida, Alhajin Nima bai zo ba, ɗansa ne ya zo." Nasrullahi ya ɗaga kai, ya fara ganin fuskokin da ke kallonsa, muryarsa ta yi rauni. "Baba, na yi laifi ne?"

Alhaji Issaka ya ajiye carbin a kan tabarma a hankali.

"Jiya da yamma kana cikin aikinka lafiya," ya ce. "Yau da safe ma haka. Wa ya ce maka ana shirin ba wani ita? Wa ya ce maka in ka bar inji za a ɗaura maka aure?"

Nasrullahi bai iya ƙarya ba, kuma bai iya riƙe idonsa ba. Ya juya ya dubi Zalia.

Alhaji ya bi inda ya duba.

"Zalia," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ina kika je yau da rana?"